Fankar da Muka Yi Ta Juyawa

Ranar da na faɗo daga kan tsani, ba tsufa ne ya kayar da ni ba. Tsanin ne ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta. Na faɗa wa likita, na faɗa wa 'yata Auta, amma babu wanda ya je ya duba tsanin. Kowa ƙuguna yake kallo.

Ni ba baƙon faɗuwa ba ne. Wutar lantarki ta taɓa riƙe ni a masaƙa ta yi jifa da ni, na tashi na kakkaɓe riga na ƙarasa aikin. Rufin shago ya taɓa ruftowa a kaina da damina, aka tono ni ina riƙe da filaya. Abokan sana'ata da muka fara tare, waɗanda suka fi ni jiki da waɗanda suka fi ni baki, duk na raka su makabarta na dawo da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, rubutun nan ma da furfurata na koye shi, amma duk wanda fankarsa ta mutu a unguwarmu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ta sama, ta tsaye, ta tebur, babu wadda ban warware cikinta na sake naɗa mata koyil ba. Iska ita ce sana'ata.

Duk wannan bai hana Auta ɗauke adakar kayan aikina ba. Ina kwance a asibiti ta kwaso ni da tufafina zuwa gidanta, ta ba wa yaron da na koya wa aiki shagon, adakar kuwa ta ɗora ta a saman kwabar kayanta ta rufe da zani. A cikinta akwai sukudirebobina masu ƙotar katako da tafin hannuna ya goge har suna sheƙi, da filaya, da testa, da gilashin duba ƙananan abubuwa, da wani ƙwan fitila da na haɗa wa wayoyi biyu tun ina saurayi. Na warke, na fara zagaya tsakar gida ba sanda, na ce a ba ni kayana.

"Baba, ka huta," in ji ta. "Ka yi aikin da ya ishe ka."

"Wa ya ce miki ya ishe ni?"

"Ƙugunka."

Haka na zauna. Makunnin fitilar baranda yana ƙara, ina ji. Fankar falo tana lilo, ina gani. Hannuwana suna kan gwiwa kamar na aro. Duk wanda bai taɓa sana'ar hannu ba ba zai gane wannan ciwon ba. Ba a ƙugu yake ba.

Mijin Auta mai zanen gine-gine ne. Injiniya nake ce masa. Yana da ɗan ɗaki kusa da falo inda yake wuni gaban kwamfuta yana jan layi, gida ya tashi a kan gilashi da tagoginsa da matakalarsa kafin a haƙa ko da rami ɗaya. Mutum ne mai sanyin hali. Tun da ya auri 'yata bai taɓa zama a kujerar da ta fi tawa tsawo ba, kuma ban taɓa faɗin magana ya musa ba. In na ce za a yi ruwa, ya ce, "To, Baba." In rana ta ƙwalle na ce ai na faɗa ba za a yi ba, ya ce, "Haka ne, Baba." Ina yaba masa da wannan. Nakan faɗa wa mutane na yi dacen suruki.

Wata safiya ina shan shayi sai na ji wani wari ya fito daga ɗakinsa, kamar an ƙona roba da kifi tare. Kafin ya buɗe ƙofa na ɗaga murya na ce, "Kafasita ce ta fashe." Ya fito yana fifita hanci da takarda, ya ce kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara ta mutu. Da rana ya ɗauke ta a mota, da la'asar ya dawo da ita tare da wani kwali. Masu gyara sun ce akwatin wuta ne ya ƙone, wato wani ɗan gwangwani mai kusurwa huɗu da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sassan ciki. Layin masu jira ya yi yawa, shi kuma yana da zanen wata makaranta da ake jira. Suka sayar masa da sabo, suka ce sukuru huɗu ne kawai, ko yaro zai ɗaura.

Sai dai a duk gidan babu sukudireba ko ɗaya, in ba a saman kwabar Auta ba.

Muna cin abinci na lura yana satar kallon matarsa, ita kuma tana kallon kwanonta. Na yi kamar ban san abin da ake ciki ba, na yi ta yaba miyar.

"Maman yara," ya ce a hankali, "ko za a ɗan sauko da kayan Baba?"

"Sukudireba ɗaya za a ciro."

"Ba a ba da aron sukudirebata," na ce. "In za ta je, da hannun mai ita za ta je."

Auta ta ajiye cokali ta dube ni. Idon mahaifiyarta gare ta, mai kallon mutum har ya tuna laifin bara.

"Shi ke nan. Aiki ɗaya, a zaune, a kan tebur. In ya yi kyau, adaka ta koma ɗakinka, amma ko kujera na gan ka a kai an gama. In kuwa ka lalata wa Baban yara abin neman abincinsa, gobe in aika wa yaronka da ita shago. Ka yarda?"

"Ni in lalata? Kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Shi ya sa na tambaya."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa jarida a kan teburinsa, aka kwantar da kwangon kwamfutar. Da na buɗe adaka, warin tsohon mai da dalma ya buge ni, sai da na ɗan juya baya na gyara hula. Na kwance murfin gefe. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gyaɗa. Na share ta da burushi, na kwance tsohon akwatin da ke can sama ta baya, na zaro shi. Injiniya ya riga ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa, don haka shi ya riƙa cusa kowace a mazauninta, ni kuma na ɗaure sukurori. Sabon ya bambanta da tsohon. Fankarsa babba ce, tana ƙarƙashinsa tana kallon cikin kwango, bayansa kuma raga ce mai ramuka kamar saƙar zuma.

Ya danna makunni. Gilashi ya kawo haske, makarantarsa ta fito da ajujuwanta. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Da a nan na tsaya, da babu labari. Amma ni ban taɓa sallamar fanka ban gwada ta da zare ba. Na zaro zare daga bakin rigata, na riƙe shi a bayan ragar. Zaren ya miƙe yana kaɗawa waje, wajen fuskata.

"Sun ɗaura ta a baibai," na ce.

"Wa, Baba?"

"'Yan kamfanin. Dubi nan. Iskar waje take fita. Bango take yi wa fifita."

Abin a wurina a fili yake. Ka ga mara lafiya yana zufa, shi za ka kaɗa wa mafici, ba ƙofa ba. Baƙo ya shigo daga rana, fankar gabansa za ka juya. Duk rayuwata abin da ya yi zafi shi ake hura wa iska. Ga na'ura tana dafuwa a ciki, ga fanka tana zubar da iskarta a banza.

Injiniya ya shafa ƙeya. "Baba, a wani bidiyo da na kalla, kamar sun ce..."

"Mai bidiyon ya taɓa naɗa koyil?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ni na naɗa wanda ya fi gashin kanka yawa."

Ya dubi ƙofa, ya dubi adakata, ya dubi ƙasa. "To, Baba."

Na zare wuta, na sake fito da akwatin, na keta 'yar takardar da kamfani ya manna a kan sukuru, na buɗe cikinsa. Kafin in sa hannu na ɗauko ƙwan fitilata na taɓa ƙafafun babbar kafasitar, wadda ke tara wuta a cikinta, da wayoyinsa. Ya yi walƙiya ya mutu. Abu ne da hannuna ke yi da kansa, kamar bisimilla kafin loma, ban ma yi tunanin in faɗa masa dalili ba. Na kwance fankar, na kifa ta, na ɗaure. Da muka kunna, zaren ya manne a jikin raga, iska tana shiga.

"Yanzu ta zama fanka," na ce.

A ranar adaka ta kwana ƙarƙashin gadona. Cikin 'yan kwanaki na gyara makunnin baranda, na gyara dutsen guga, na gyara rediyon maƙwabciya. Na koma cin abinci da yawa. Auta ma ta ce fuskata ta ciko.

Abu ɗaya na riƙa ji ta bango. Injiniya zai yi aiki na ɗan lokaci, sai ƙarar kwamfuta ta hau kamar mota a kan tudu, sai ɗif. Sai in ji kujera ta yi ƙara, ya yi wani dogon numfashi. Na leƙa na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba, hutawa nake." Daga baya ƙarar ta daina, aiki ya ci gaba, na ce ai dama sabon abu sai ya saba da gida.

Rannan ya fita duba wani gini, na shiga ɗakinsa in rufe taga don hadari ya taso. Ya bar kwamfutar a kunne tana wani lissafi. Don jin daɗin aikina kawai na zaro zare na kai bayanta. Zaren ya kaɗo waje.

Na kashe ta yadda na ga yana yi, na ɗauko kaya na buɗe. Sukurorin sun yi mini gardama, bakin sukudireba yana zamewa, na zagi ƙarfen zamani. Fankar tana nan yadda kamfani ya ɗaura ta, kamar ban taɓa taɓa ta ba.

Na daɗe a zaune a kujerarsa. Ba zan ɓoye ba, abin da ya zo mini a rai ya fi wutar masaƙa ban tsoro. Ina da aboki, gwanin gyaran agogo, wanda a ƙarshen rayuwarsa yakan wanke hannu ya zauna jiran abincin da ya riga ya ci. Na tambayi kaina, shin na juya fankar nan kuwa, ko niyya na yi na ɗauka na aikata? Na tuna walƙiyar ƙwan fitila, na tuna zaren da ya manne. Amma shi ma mai agogon yakan rantse da abin da ya tuna. In kai ya fara yoyo, mai shi ne na ƙarshen sani. Kuma in Auta ta gano, ba adaka kaɗai za ta tafi ba, har ƙofar gida za a fara kulle mini.

Na sake kifa fankar. Wannan karon na karce gefenta da bakin testa, na yi alamar da ni kaɗai na sani, na mayar da komai. Ban faɗa wa kowa ba. Abinci ya daina shiga. Na riƙa gwada kaina a ɓoye, ina jero sunayen jikokina daga babba zuwa ƙarami, ina tuna inda na ajiye carbi.

Ƙarar ta dawo ta bango, da ɗif ɗin, da dogon numfashin. Sannan ta sake dainawa.

Auta ce ta warware mini, ba da saninta ba. Tana yanka albasa a kicin, ina zaune a bakin ƙofa, sai ta ɗago wuƙa tana juya ta a haske.

"Wai wa ke lalata mini wuƙaƙe a gidan nan? Wancan satin ƙaramar, yau kuma wannan. Dubi tsininta, kamar an buɗe gwangwani da ita. Baba, ko kai ne?"

"Ni da ke da sukudireba iri-iri, me zan yi da wuƙarki?"

Na karɓa na duba. Tsinin ya murɗe, ba lanƙwasa ba. Abin da ke murɗe tsinin wuƙa haka guda ɗaya ne. Da muka zauna cin abincin rana na dubi hannun Injiniya. Da hagu yake riƙe da cokali. Yatsunsa biyu na dama suna naɗe da filasta.

"Me ya sami hannun?" na ce.

"Ƙofar mota ce, Baba."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Da farko wani sanyi na ji, kaina lafiya yake. Sai fushi ya biyo baya, wato yaron nan yana bin bayana yana warware mini aiki. Kafin in gama tauna lomar, fushin ya wuce, wani abu ya maye gurbinsa. Na tuna babbar kafasitar nan. Na san abin da take riƙewa a cikinta ko bayan an zare wuta daga bango. Na dubi jikokina suna rigima a kan nama, na dubi ubansu yana raba musu da hannun hagu.

Da safe, bayan yara sun tafi makaranta, na ɗauki adaka da wuƙar na shiga ɗakinsa ba sallama mai tsawo. Ya miƙe tsaye. Na ajiye wuƙar a kan zanensa.

"Cire filastar in ga ƙofar motar."

Ya warware. Ɗigo biyu ne farare a kan fata, gefensu ya yi ja. Na san su. Ina da irinsu a jikina sun fi a ƙirga.

"Kafasitar ta jefar da kai?"

"Har bango, Baba. Amma na zare wutar kafin in taɓa."

"Ita ba ta san ka zare ba. Da ta bi ta ɗaya hannun ta ratsa ƙirji, da yanzu zaman makoki muke. Me ya hana ka zuwa ka ce in ba ka sukudireba?"

"Da kun tambaye ni abin da zan yi da ita."

"Sai ka faɗa."

Ya riƙa murza filastar a hannu.

"Injiniya, tambayarka nake. Fankar nan, yadda na ɗaura ta, daidai ne?"

Ya buɗe baki, na ga "to" ɗin ta taho har leɓe. Na ɗaga masa yatsa.

"In ka ce mini to, wallahi yau zan koma shago da kwana."

"A'a, Baba. Ba daidai ba ne."

Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Shi ma kamar bai taɓa jin ta ba, don sai da ya dafa tebur.

"To yi mini bayani. Kada ka kawo mini mai bidiyo."

Ya ce in ba shi zaren. Ya kunna kwamfutar, ya riƙe zaren a baya, ya kaɗo waje. Ya ce in sa tafin hannuna a wurin. Iskar da ɗumi take fita, kamar numfashin mai zazzaɓi. Sannan ya zagayo gaban kwangon, can ƙasa inda wasu ƙananan ramuka suke, ya riƙe zaren. Zaren ya lanƙwasa ya manne.

Ban taɓa gwada gaban ba. Ban ma san da ramukan ba.

"Ta nan mai sanyi take shiga," ya ce. "Ta bi ta kan komai ta kwashi zafi, ta hau sama. Fankar nan ba fifita aka sa ta yi ba, Baba, kwashewa take ta zubar waje. Kuma a wannan tsohon kwangon ita kaɗai ce mafita. Da kuka juya ta, sai ta riƙa jawo iska ta cikin akwatin wuta, ta ɗumama ta, ta zuba wa ƙwaƙwalwar kwamfutar a ka. Zafin ciki kuma ya rasa ta inda zai bi. Shi ya sa take kashe kanta, don kada ta ƙone."

Na karɓi zaren na gwada da kaina, gaba da baya, na sake gwadawa. Zare ba ya jin kunyar kowa. Na zauna ina tunani. Duk fankar da na taɓa gyarawa a fili take aiki, a ɗaki mai ƙofa da taga, inda zafi ke da hanyar gudu da kansa. Ban taɓa zama a cikin akwati rufaffe na ji abin da ake bukata a can ba. Wanda ya tsara abin nan ya yi tunani. Ban ce ya fi ni ba, amma ya yi tunani.

"Tun ranar farko ka san wannan?"

"Na sani."

"Ka bar ni na keta takardar kamfani."

"Na ga yadda kuka buɗe adakar ne, Baba. Na ce in na yi magana a gaban Maman yara, shi ke nan. Na ɗauka zan gyara a ɓoye, kowa ya zauna lafiya. Ban san za ku sake dubawa ba."

"Ka kusa sa ni na ɗauka na haukace."

Ya ɗago da sauri. Wannan bai zo masa a rai ba, na gani a fuskarsa. Na ba shi labarin mai agogo a taƙaice. Ya zauna a bakin tebur, karo na farko da ya zauna sama da ni, bai ma lura ba.

Na ce ya zare wuta. Sukurorin da ya cinye wa kai da wuƙa ba za su ƙara ɗauruwa ba, kuma fankar rawa take a mazauninta. Muka fito da akwatin. Na ba shi ƙwan fitilar na ce shi zai taɓa, na riƙe masa wuyan hannu na kai shi wurin. Da ƙwan ya yi walƙiya sai da ya zabura.

"Ka ga abin da ya sumbace ka," na ce. "Kullum wannan ne farko. Ko uwarka ce ta ce ta zare wuta, ka taɓa da ƙwan."

Muna sunkuye kai da kai, ina zaɓo sababbin sukurori daga gwangwanin da nake tara su, sai muka ji muryar Auta a ƙofa.

"Ashe nan wuƙata take."

Ta shigo ta dubi cikin akwatin a buɗe, ta dubi yatsun mijinta da babu filasta, ta kama hannun ta juya shi.

"Wannan ce ƙofar motar?"

"Maman yara, ai Baba ne yake..."

"Bari," na ce masa. "Ni na juya fankar, shi ya mayar. Na sake juyawa, ya sake mayarwa. Tasa ce daidai. Wutar kuma a nan ya same ta."

Auta ba ta ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ta ɗaga. Ta ce ita dai ta ga ikon Allah, manya biyu a gida ɗaya, ɗaya ba ya tambaya, ɗaya ba ya faɗa, kuma ita za a bari da marayu. Ta ce da mijinta kunyar da za ta kashe shi ba tarbiyya ba ce. Ni kuma ta ce mini alkawari alkawari ne. Ta sunkuya ta rufe adakar, ta kama mariƙinta.

Ban roƙe ta ba. Ban taɓa roƙon kowa a kan kayana ba, kuma ni na amsa sharaɗin da bakina. Na dai kawar da kai wajen taga.

"Ajiye ta," in ji Injiniya.

Ta tsaya. "Me ka ce?"

"Na ce ki ajiye. Kwamfutar ba ta lalace ba, ga ta nan za ta tashi. Abin da ya lalace hannuna ne, kuma ni na kai shi. Gidan nan yana bukatar kayan aiki, yana bukatar wanda ya san su. Ni ban sani ba, kin ga shaida."

Ta dube shi kamar an canza mata miji a kasuwa. Yaron da ya koyi musu da safe, kafin azahar har ya gwada a kan matarsa.

Ta daɗe tana riƙe da hannun adakar. Sannan ta tura ta ƙarƙashin teburinsa da ƙafa, ta zare makullin daga jikin kwaɗo ta miƙa masa.

"A nan za ta zauna. Makulli a hannunka. Ba ya buɗe ta sai kana wurin, kai kuma ba ka taɓa waya sai yana wurin. Duk wanda ya karya, in kwashe har kwamfutar." Ta ɗauki wuƙarta. "Kuma a sayo mini sababbi."

Ba haka na so ba. Mutum kamata, a ce sai ya ƙwanƙwasa ƙofar surukinsa kafin ya taɓa filayarsa. Daren farko na yi ta miƙa ƙafa ƙarƙashin gado ina jin wurin fayau. Amma adakar tana cikin gida, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma zanen makarantar ya tafi a kan lokaci, kwamfutar tana fitar da ɗuminta ta baya ba ƙara.

Jiya maƙwabciya ta aiko da fankar tsaye, wai tana juyi amma ba iska. Na ƙwanƙwasa masa. Ya ce me za a gyara, na faɗa. Ya ajiye aikinsa, ya ɗauko adakar da kansa zuwa baranda, ya jawo tabarma. Na ce kafasita ce. Ya juya fukafukan da yatsa, ya kara kunne, ya ce shi yana ganin datti ne ya cushe a gindin sandar. Na ce a buɗe a gani. Na miƙa masa sukudireba, ya damƙe ta a dunƙule kamar zai soki rago.

"Ba haka ba," na ce. "Ɗora tafinka a kan ƙotar, ka danna kafin ka murɗa. A hankali. Sukurun bai yi maka laifi ba."